Tantabarar Da Ta Ɓata Da Wanda Ya Tsince Ta

Yau maganar tantabara na kawo muku. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, tantabara kuma? Ga su nan cike da tsakar gida suna ɓata mana shanya." To, ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, gama cikin zancen nan akwai abin da ya taɓa zaman maƙwabtaka, akwai kuma ɗan lissafi da na ajiye wa 'yan makaranta.

Mu a nan muna kiwon tantabara don nama, don romon mara lafiya, don kuma yaro ya sami abin sayarwa ran kasuwa. Amma a ƙasashen Turai akwai wata iri da ake kiwo saboda tsere kurum, kamar yadda ake kiwon doki don sukuwa. A ƙasar Beljiyam wasan ya fara ƙarfi. A 1818 aka yi tseren farko da ya wuce mil 100 a can, a 1823 kuma aka saki waɗansu daga Landan suka ƙetare teku zuwa birnin Antwaf. Daga nan abin ya bazu zuwa Ingila, inda ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙu suka rungume shi, ko wanne da ɗan akurkinsa a bayan gida. Har gidan sarauta bai tsira ba, domin a 1886 Sarkin Beljiyam, Leopold na Biyu, ya aika wa gidan sarautar Ingila kyautar tantabaru, aka gina musu ɗaki a Sandringham. A nan Afirka ma samarin Dakar ta ƙasar Senegal sun kama wasan.

Yadda Ake Tseren

Tun 'yar tantabara tana da kamar kwana 7 ake zura mata wani ɗan zobe a ƙafa. Zoben ba shi da mahaɗi. Da ƙafa ta girma, shi ke nan, ba ya fita sai an yanke shi. A jikinsa akwai haruffan ƙungiya, da shekarar da aka ƙyanƙyashe ta, da lambarta. Na babbar ƙungiyar Ingila da GB yake farawa. Ƙungiya kuwa tana da littafin da ta rubuta ko wace lamba da sunan mai ita. Ku riƙe maganar zoben nan, kusan dukan abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Idan ranar tsere ta matso, kowa ya kawo tsuntsayensa wurin taron ƙungiya, a rubuta su, a zuba cikin kwanduna, a ɗora a babbar mota a tafi da su wani gari mai nisa, wani lokaci mil 100, wani lokaci mil 500 ko fiye. Gari na wayewa a buɗe kwandunan gaba ɗaya. Ba mahayi, ba mai kora, ba mai nuna hanya. Ko wace tantabara gidan ubangijinta za ta nufa, shi kuwa yana can tsaye a bayan gida, ya ɗaga kai sama, yana kaɗa ɗan gwangwanin hatsi.

To, tun da gidajen ba wuri ɗaya suke ba, ta yaya za a san wadda ta ci? An riga an auna nisan ko wane akurki daga wurin saki. Dā akan sa wa tsuntsuwa zoben roba, in ta sauka a cire a jefa cikin wani agogo da aka kulle aka buga wa hatimi, shi ne zai buga lokacin. Yanzu da yawa sun koma wani zobe mai na'ura wanda ke rubuta lokacin da kansa da ta taka bakin ƙofa. Sa'an nan a raba nisa da lokaci, a ga yadi nawa ta ci a minti ɗaya.

'Yan makaranta, ku ɗauko alƙalami mu gwada da misali. Mil ɗaya yadi 1,760 ne. A ce akurkin wani yana mil 300, watau yadi 528,000, tasa ta iso cikin awa 6, watau minti 360. Ta ci yadi 1,466 da 'yan kai ke nan a minti. Na biyu nasa akurkin mil 310, watau yadi 545,600, tasa ta iso bayan awa 6 da minti 10, watau minti 370. In kun raba za ku sami yadi 1,474 da 'yan kai. Kun ga wadda ta sauka daga baya ita ta ci. Saboda haka mutum ba ya guɗa don ya ga tasa ta sauka, sai an tara agoguna duka an duba.

Akwai wata dabara tasu da ban san ko dariya za ta ba ku ko haushi ba. Suna kiranta zaman gwauro. Sai a raba namiji da matarsa kwana da kwanaki, daf da za a sa shi a kwando a nuna masa ita na ɗan lokaci, kāna a tafi da shi. Ya riga ya koyi cewa in ya komo zai same ta tana jira, don haka ba ya tsayawa kiwo a hanya. Mu ma a nan mun san tantabara da riƙon aure, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci a kan ƙwai biyun nan nasu har kwana 18, su kuma ciyad da 'ya'yan tare. Ina ma waɗansu masu gida su leƙa akurki su ɗauki darasi. Amma wannan zancen wata rana ne.

Me Ke Ɓad Da Ita?

Masana sun daɗe suna binciken yadda take gane hanya. Wani Bajamushe, Gustav Kramer, ya nuna tun wajen 1950 cewa tsuntsaye suna duban rana su san gabas da yamma. A 1971 William Keeton na Jami'ar Cornell a Amurka ya ɗaura wa tantabaru 'yan maganaɗisu, ya ga in akwai rana ba su damu ba, amma in gari ya lumshe sai su rikice. Wannan ya nuna suna jin maganaɗisun da ke cikin ƙasa kanta. Floriano Papi na Italiya kuma ya ce har da hanci, suna sanin ƙanshin da iska ke kawowa daga ko wace nahiya. A 2004 masanan Oxford suka bi sawun waɗansu suka tarar a ƙasar da suka saba suna bin manyan hanyoyin mota, har su karya kwana inda hanya ta karya.

Duk da wannan baiwa suna ɓata, musamman ƙanana 'yan shekarar farko. Hazo ya rufe su, ko iska ta yi ta dukansu a ƙirji har ƙarfi ya ƙare, ko ƙishirwa ta sauko da su. Shaho ya faɗa cikin garke ya watsa shi. Wayar lantarki ta karya fiffike. Wani lokaci garke biyu su haɗu a sama, na wannan gari su bi na wancan.

Ran 29 ga watan Yuni 1997 babbar ƙungiyar Ingila ta shirya tsere don bikin cikarta shekara 100. Aka kai tantabaru fiye da 60,000 kusa da birnin Nant a Faransa, aka sake su da sassafe. Tafiyar mil 400 zuwa 500 ce, wadda gwanayensu kan yi a wuni ɗaya. Magariba ta yi, mutane na tsaye a bayan gidajensu, shiru. Kashegari shiru. Dubbai da dubbai ba su komo ba har abada. Daga baya wani masani Ba'amurke, Jonathan Hagstrum, ya ce a ganinsa sun gamu ne da rugugin jirgin saman nan Concorde mai gudun da ya fi sauti, wanda ya tashi daga Faris da safen nan, shi ya toshe musu ji. Ra'ayinsa ne, waɗansu kuwa yanayin sama suka ɗora wa laifi. Irin wannan ta sake faruwa ran 19 ga Yuni 2021, aka saki wajen 9,000 daga Peterborough a Ingila, jaridu suka ce fiye da rabi ba su iso ba.

Ku tsaya ku auna abin a ranku. Mutum ya yi shekaru yana zaɓen iri, yana tashi da asuba yana share akurki, ya san ko wace tsuntsuwa da halinta kamar yadda kika san kajinki, ran nan ɗaya ya wayi gari akurki wayam.

Cikin waɗanda suka ɓace a 1997 akwai wata gwana mai suna Whitetail, watau mai farin bindi, ta wani mutum a kusa da Manchesta. Ta ci tsere 13, ta ƙetare tekun nan sau 15. Mai ita ya jira har ya fid da rai. Bayan shekara 5, a 2002, ya fito wata safiya sai ga ta zaune a kan akurki. Ya duba zobe, lambar ce. Da labari ya shiga jaridu sai wani mutumin Nant ya rubuto masa takarda, ya ce ai kwana 16 bayan tseren ya tarad da tantabaran nan a lambunsa ta gaji liƙis, ya rubuta lambarta, ya yi mata keji don kada kyanwowin unguwa su cinye ta, ya yi ta ba ta abinci har ta murmure, sa'an nan ya sake ta. Ba danginsa ba ce, ba ta ƙasarsa ba ce, bai kuma san mai ita ba. Ni dai cikin labarin nan duka, wannan Bafaranshe ya fi tsaya mini a rai, gama ba don kejinsa ba da maganar ta ƙare a cikin kyanwa.

Inda Ake Gane Dattijo

Sau da yawa tantabarar da ta ɓata ba a lambun wanda bai san kiwo ba take sauka. Garke take hangowa ta bi, ta shiga akurkin wani mai tsere, watau abokin hamayyar ubangijinta. A nan ne ake gane mai dattako.

Shi wannan mutum da ya kama ta a hannu ya san darajarta, daga ƙirji da fiffike da ido. Kuma kada ku ɗauka kuɗin kaza ake magana. A 2019 aka sayad da wata ta Beljiyam mai suna Armando a kan Yuro 1,250,000, a 2020 kuma wata mai suna New Kim ta kai Yuro 1,600,000, wani mutumin ƙasar Sin ya saya. Waɗannan su ne ƙololuwa, yawanci ba su kai ko kusa ba, amma ko ta talaka tana da jinin da mai ita ya sha wahala kafin ya samu. To, ga ta ta kawo kanta, ba wanda ya gani. In ya yanke zoben ba zai iya sa ta tsere ba, gaskiya ne, tsintacciyar mage ba ta mage. Amma yana iya kulle ta ya haɗa ta da nasa, ya sa wa 'ya'yan zobensa, baɗi ya ci mai ita da jinin tsuntsuwarsa. Ba ɗan doka da zai leƙa akurkinsa.

Abin da masu mutunci cikinsu suke yi shi ne, su ware ta gefe guda don gudun cuta, su ba ta ruwa da hatsi, su karanta zobe. Da yawa akan buga lambar wayar mai ita a gashin fiffike ko a wani zobe na biyu. In babu, su sanad da ƙungiya, ita ta duba littafi ta gaya wa mai ita. In gajiya ce kurum, bayan kwana 2 ko 3 a sake ta da safe ta ƙarasa tafiyarta. In gidan da nisa, a ba mai mota da zai bi ta wajen ya sake ta a kusa, ko a aika da ita cikin akwati. Dukan wannan ɗawainiya mutum yake yi wa wanda ran Asabar mai zuwa zai yi ƙoƙarin kayad da shi. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya tsinci ta wani yau, gobe tasa ce za ta kwana a akurkin wani. Wasan da ake sakin dukiya a sama a ce ta komo da kanta ba zai yiwu ba sai da amana tsakanin masu yinsa.

Amma fa dattakon ba a kan mai tsintuwa kaɗai yake ba, yana kan mai kaya ma. A nan ne nake da ƙorafi. Akwai masu kiwon da in an yi musu waya an ce ga tsuntsuwarsu, sai su ce ba su so, wadda ta kasa kawo kanta gida ba ta cancanci hatsi ba. Mutanen da suka tsinci tantabaru a Ingila sun sha yin kukan wannan, har waɗansu suna tsoron mayarwa kada a murɗe mata wuya. Dokar ƙungiya ta ɗora wa mai ita nauyin neman hanyar karɓo abarsa, amma doka daban, hali daban. Kai ka ɗauke ta ka kai ta bayan teku, ba ita ta roƙe ka ba. Ta yi ta faɗa da iska saboda kai har ta faɗi. Sa'an nan wata tsohuwa da ba ruwanta da wasanku ta ɗauka ta yi jinya, ka ce ba ka so? Wannan ba ɗan wasa ba ne, ɗan caca ne da ya sami tsuntsu maimakon karta.

Ku gwada shi da mai tantabarar nan Bob. A watan Yuni 2022 aka sake ta daga tsibirin Guernsey za ta arewacin Ingila, tafiyar da ba ta wuce wuni guda ba. Makonni suka wuce, sai ga ta a jihar Alabama ta Amurka, wajen mil 4,000 daga gida. Ana tsammani a kan jirgin ruwan dakon mai ta sauka ya ƙetare da ita, don an ga maiƙo a gashinta. Wani dattijo ya ga ta ƙi barin gidansa, ya kira masu kula da dabbobi, su kuma suka bi lambar zobe har suka sami mai ita. Bai ce ta yi nisa ba. Aka yi mata magani, aka cika takardu, aka komo da ita Ingila cikin jirgin sama.

Masu ha'inci kuwa ba a rasa su inda kuɗi ya shiga. A 2017 waɗansu mutum biyu a ƙasar Sin suka koya wa tantabarunsu gida biyu, ɗaya kusa da wurin saki a lardin Henan, ɗaya a Shanghai inda tseren zai ƙare. Da aka saki tsuntsaye, nasu suka sauka a gidan kusa, suka ɓoye su cikin kwalayen madara, suka hau jirgin ƙasa mai tsananin gudu, suka sake su a Shanghai. Suka kwashe na ɗaya har zuwa na huɗu. Amma saurin ya yi yawa har ba mai hankalin da zai yarda, sauran masu tsere suka yi ca. Don su ɓad da sawu suka kashe tsuntsayen, abin tausayi, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A 2018 kotu ta same su da laifin zamba. A tsibirin Taiwan kuma ɓarayi kan kafa raga a kan duwatsun da tsuntsaye ke bi, su kama, su karanta lambar waya, su kira mai ita su ce ya biya fansa. Lambar da aka sa don mai tsintuwa ya yi alheri, ita ɓarawo ya mayar abin cin abinci.

Har zoben kansa ana yin na jabu. A ƙarshen 2020 wata ta sauka a wani gida a Melbourne ta Ostareliya da zoben Amurka a ƙafa, aka ce ta ƙetaro babban teku ne, hukuma ta ce za a kashe ta don gudun shigo da cuta. A watan Janairu 2021 ƙungiyar Amurka ta duba ta ce zoben na ƙarya ne, 'yar gida ce, aka bar ta da ranta.

Mu Komo Tsakar Gidanmu

Ba mu saba da agogo da littafin lamba a gidajenmu ba, amma wace ce cikinmu ba ta san rigimar tantabara ba? Garken ɗanki ya tashi goma, ya sauko goma sha ɗaya. Yaro ya yi wuf ya kama baƙuwar, ya fige mata gashin fiffike ko ya ɗaure, ya tura cikin tukunya, wai kafin gashi ya fito ta saba. Waɗansu yaran ma da gangan suke yi, su zuba hatsi da ruwan kanwa a kan soro daidai lokacin da na maƙwabta suke shawagi. Bayan kwana biyu ga yaron maƙwabta a zaure yana cigiya, naki ya ce bai gani ba, ke kuwa kina ɗaki kina ji, kin kuma san gaskiya. Daga nan iyaye mata su shiga, gidan da kuke aron turmi da taɓarya ku daina gaisawa, a kan abin da bai kai kuɗin cefanen rana ɗaya ba.

Uwa, a wurin nan ke ce ƙungiya, ke ce alƙali. Yaro ba zai fara koyon riƙe abin wani a kan raƙumi ba, a kan irin wannan ƙaramin abu yake farawa, yana kuma duban fuskarki ya ga ko za ki kau da kai. Ki sa shi ya ɗauka da hannunsa ya zaga gidajen masu kiwo na unguwa, in ba a sami mai ita ba a gaya wa mai unguwa, yadda aka saba yi da ko wace tsintuwa. In kuma taku ce ta ɓata aka kawo muku, kada ki bar mai kawowa ya koma hannu wofi, ko da 'yan ƙwai ne ko ƙosai. Kada kuma ki tsare shi da tambayar ina ɗayar.

Ga yadda za ku yi da wadda ta sauko a gajiye. Za ku gan ta ta takure wuri ɗaya, gashi a tashe, ba ta gudun mutum. A lulluɓe ta da ɗan zane a ɗauka, fiffike a haɗe da jiki. A sa ta cikin kwando ko kwali mai huji, a inuwa, inda kyanwa da ɓera ba su kai. Ruwa ne farko, cikin ɗan kwano mai zurfin da bakinta zai nutse, domin tantabara zuƙa take yi, ba ta ɗaga kai kamar kaza. Kada a ɗura mata, ruwan na iya bin hanyar numfashi. Bayan ta sha ta huta, a ba ta gero ko dawa ko ɗanyar shinkafa. Ban da burodi, ban da tuwo. Kada a haɗa ta da naku tsuntsayen, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. In da zobe a ƙafarta, 'yar makarantar gidan ta kwafe haruffa da lambobin duka yadda suke, kada ta tsallake ko ɗaya, ta kuma buɗe fiffiken a hankali ta duba ko an buga lambar waya. In ta kwana 2 ko 3 ta fara cin abinci sosai tana neman fita, a sake ta da hantsi ranar da gari ya yi garau, ba da yamma ba.

Wadda ke da labarin yadda ake raba gardamar tantabara a garinsu, ko wane ne ke yanke hukunci, kuma bayan kwana nawa baƙuwa ke zama ta gida, ta rubuto mana, za mu buga a wannan fili.